Aikin Reza a Bayan Baba

Har yau idan na ji an ce leza sai gabana ya faɗi, kuma ba wanda ya jawo mini sai kunnena da girman kaina. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa ne, ina buga takardu a sakatariya, muna zaune a unguwar Limawa a Dutse ni da maigidana. Sai ga ƙannena sun kawo mana Baba daga Aujara, kwance a kan katifa a bayan a-kori-kura. Bayansa ya riƙe. Ciwon yakan taso daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har babban yatsa, ya ce kamar ana jan igiya a ciki.

Gona ba ta dame shi ba, yara suna nomawa. Sallah ce ta dame shi. Wata bakwai yana yin ta a zaune a kujerar roba, yana nuni da kai. Malamai sun faɗa masa ta karɓu, ya ce ya sani, shi ma ya karanta. Amma kullum in na kai masa ruwan alwala sai ya ce, "Uwata, ni dai in sa goshina a ƙasa. Iyakar abin da nake nema ke nan." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A asibitin Dutse aka ɗauki hoton bayan, aka ce a kai wa likitan ƙashi a Kano. Baba ba zai iya hanya ba, sai na ɗauki hoton na tafi ni kaɗai, tunda ni ce 'yar bokon gidan. Likitan yaro ne, bai daɗe da dawowa daga waje ba, maganarsa kamar ana kora shi. Ya ɗaga hoton a jikin taga ya ce faifai ne ya goce. Na ce faifai kuma? Ni faifan da na sani shi ne na rufe ƙwarya. Ya ce a'a, tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani abu mai laushi, shi ne ya zame ya danne jijiya. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a buɗe bayan gaba ɗaya, wanda ba ya so wa dattijo, ko kuma sabon aiki da ake yi da leza: 'yar ƙaramar kafa, ba ta kai ƙwayar wake ba, a taɓa faifan, mutum ya tashi ya koma gida. Ana cikin haka aka leƙo aka kira shi. Yana fita yana ƙara wata magana da Turanci, ban kama ba. In tambaya? Ni da nake buga wasiƙun Turanci tun safe har azahar? Ina! Na ce a raina ai reza yake nufi, harshensa ne. Ko a Aujara akwai tsofaffin da leza suke ce wa reza.

Da na dawo na zauna gaban Baba na kwashe masa duka.

"Da reza?" ya ce.

"Da reza, Baba. 'Yar tsaga kawai."

Rabon da in ga ya yi dariya har na manta. "Yo Uwata, wannan ai aikin wanzami ne! Shi ne sai an je Kano?"

Na ce rezar likita daban ce. Ya ce da me ta bambanta? Na juya wajen maigidana ko zai cece ni, shi kuwa ya sosa ƙeya ya ce shi ma'aikacin ruwa ne, a bar shi da famfo. Haushi ya kama ni, amma ban san wa zan ji haushi ba. Kafin in gama tunani Baba ya aika Aujara a kira masa wanzaminsu, sa'ansa, tare aka yi musu kaciya.

Ran Laraba wanzamin ya iso da zabirarsa. Ya fito da aska, Baba ya ce a'a, likita reza ya ce, a bi maganar likita. Aka sayo sabuwa dal a kanti. Wanzamin ya karɓi hoton ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya miƙo mini ya ce, "'Yata, ke da kika je, nuna mini wurin." Wallahi da yatsana na nuna. Ya yi tsaga uku, ya kafa ƙaho, ya tsotsa. Jini ya fito baƙi ƙirin, da guda-guda. Ya juye a kasko ya nuna wa Baba ya ce ga abin da ya danne jijiyar nan. Ni kaina na leƙa ina neman abin da ya yi kama da faifai.

Da yamma maƙwabciyarmu ta dawo daga aiki. Nas ce, mutuniyar Filato, kowa Sista yake ce mata. Ta ga kaskon a bakin rariya ta tambaya, ni kuma na ba ta labari har da fahariya. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Maman yara, leza aka ce miki, ba reza ba! Haske ne!"

"Haske kamar na tocila?"

"Haske mai ƙuna. Da na'ura ake yi."

Na ce Sista, kar ki raina mini hankali, ta ina haske zai shiga bayan mutum? Ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba, a takarda ta karanta, kuma a saninta ba a yi a ƙasar nan, sai an fita waje. Nan na gane abin da likitan yake faɗa yana fita. Ta shiga ta wanke tsagar da aidin, ta ja ni gefe ta ce in faɗa wa Baba gaskiya, kuma kar a bar shi ya sunkuya. Na ce to.

Kwana biyu ina kewaya shi. In na shiga da niyya sai ya tare ni da, "Uwata, na ji sauƙi fa, ƙafar ta saki." Shin ta saki ɗin ne, ko so yake ta saki? Ban sani ba, har yau ban sani ba. Sai in ajiye masa kunu in fito ina zagin kaina.

Ran Juma'a da la'asar na ce yau kam sai na faɗa. Na fito tsakar gida, sai na ga kujerar roba a ture gefe. Baba yana tsaye a kan rairayin da ke gindin katanga, ya riga ya kabbara. Na tsaya ina kallonsa. Mai sallah ba a yi masa magana. Ya yi ruku'u rabi-rabi, ya ɗago, sannan ya dafa katanga ya sauka a hankali, gwiwa ɗaya, ɗayar, har goshinsa ya taɓa ƙasa.

Ya daɗe. Na ga kafaɗunsa suna rawa, ban san ko kuka ne ko azaba ba. Can na ji muryarsa daga ƙasa, a shaƙe: "Uwata, kira mijinki."

Mu biyu muka ɗaga shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya ciji leɓe har ya fashe. Muka zaunar da shi a kujerar. Ga rairayi ya manne masa a goshi. Na kama bakin mayafina zan goge, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar shi," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka, ke da likitanki."

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, duk a kan kujerar nan, bai sake yin sujada ba. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin aikin reza da 'yarsa ta samo masa a Kano, wanda ya kai goshinsa ƙasa. Ina zaune ina ji, ban taɓa gyara masa ba.