Rawanina da Tsutsar Auduga

Shekarun baya, da ƙarfin noma ya fara barina, ɗan ƙanwata ya samo mini aikin farrashi a jami'ar da aka ɗauke shi koyarwa. Na bar hawashata, wato gonata ta auduga, kusa da garin Hasahisa, na koma share aji da kai shayi.

Wata rana aka ce zai yi darasinsa na farko a gaban shugaban sashe, daga nan a san ko za a tabbatar da shi. Yana da hotunan tsutsar auduga, ƙanana kamar tambarin wasiƙa, waɗanda ya yi damina biyu yana ɗauka gona-gona. Sai da ya yi sati yana sintiri kafin a ba shi aron injin haska su a bango. Mai kula da injin kuwa ya tafi biki Sinnar.

Na ce, "Ustaz, ni da na yi shekara goma da famfon ban-ruwa? Wannan ɗan akwatin ne zai gagare ni?"

Ya ce, "Kawu, ku dai danna nan kawai. Kada ku ƙara komai."

Aka fara. Injin yana da fanka a ciki mai gurnani, yaron nan ga sanyin murya. Na ga shugaba yana kanga hannu a kunne. Sai na kwance rawanina na lulluɓe akwatin ruf, yadda ake rufe kejin zakara. Ƙara ta kwanta. Har na ji daɗin kaina.

Can sai tsutsar da ke bango ta fara kumbura, ta miƙe, ta cinye ganyen, ta cinye kanta. Wani ɗalibi ya yi ihu, "Wallahi tana da rai!" Kafin in janye rawanin, zafi ya narkar da hoto shida.

Na ce wutar lantarki ce ta yi yawa. Shi kuwa ya ɗauki alli ya zana tsutsarsa ya ƙarasa, gumi har gwiwa. An tabbatar da shi, amma ya sake damina biyu cikin rana yana ɗaukar wasu hotunan.

Sai bayan ya yi furfura na iya faɗa masa gaskiya, ina neman gafara. Ya yi dariya har da hawaye.

"Kawu, ai duk ajin sun ga kuna naɗa rawani yana hayaƙi."

Ƙonewar hotunan ya yafe tun ranar. Abin da ke ci na har yau, shekarun da ya yi yana gaishe ni a durƙushe, yana jira in daina zargin lantarki.