Ranar da Muka Zaga Hubbaren Buda ta Hagu

Tun ina budurwa littattafan soyayya suka sangarta ni. A cikinsu namiji yakan riƙe hannun matarsa a bainar jama'a, yana kallon ƙwayar idonta. Sai Allah ya haɗa ni da injiniya. Ko a titin Silver Spring, garin da muke zaune a Amurka, inda ba mai kallon kowa, maigidana gaba yake yi, ni ina baya kamar 'yar rakiya. Burina bai wuce ya riƙe hannuna a waje ba, ko sau ɗaya.

Wata ƙawata 'yar Nepal da muke aiki tare a asibiti ta ba ni labarin tsohon hubbaren garinsu, farin gini kamar ƙwarya a kife, an zana idanu a samansa. Ta ce an fara tayar da irinsa ne a kan tokar Buda bayan rasuwarsa, kuma tun zamanin fataken da ke tsallako duwatsu daga Tibet ake zuwa ziyararsa. Akwai wani ƙarami a karkarar Maryland, in ji ta, cikin itatuwa da furanni. Furannin kawai na riƙe.

"Hajiya, kallo kawai fa," in ji maigida a mota. "Ba ibada ta kawo mu ba."

"Wa ya ce ibada, Yallaɓai? Gini za ka gani. Ba kai ne injiniya ba?"

Tun farko ƙawata ta gaya mini cewa su mabiya Buda kafaɗar dama suke ba ginin in za su zaga, amma lokacin hankalina na kan furanni. Mu kuwa tun ɗawafin Umara ƙafafunmu hagu suka sani. Da muka isa, muka tashi leƙa bayan ginin, muka ba shi kafaɗar hagu, sai ga ayarin masu ziyara gaba da gaba da mu. Na kauce wa wata tsohuwa mai carbi, na taka mayafin wani malaminsu. Tsohuwar tana dariya, tana juya mana yatsa a iska.

"Subhanallahi, wanwe muka shiga, mun saɓa hannu!" Maigida ya cafki hannuna ya ja ni waje.

Ba irin riƙon littafi ba ne, ya fi kama da na ɗan sanda. Amma kunya ta mantar da shi saki har bakin mota, ni kuma ban tuna masa ba.

"Kin ga abin da kika ja mana?"

"Yallaɓai," na ce, "ni fa ban ga bayan ginin sosai ba. Mu koma."