Ƙwayoyina a Cikin Dusar Sa

Aikin farko yau: ƙirga ƙwayoyi. Sha tara. Daidai.

Abokai, wata goma ban rubuto muku ba. Ga dalili.

Ranar da aka buɗe kasuwar auduga a Gozaki ƙafafuna suka fara mutuwa. Cikin kwana huɗu na kasa tsayuwa, fitsari ya ƙi fita. Motar auduga ta kai ni asibiti a Zariya, aka zuƙi ruwan bayana da allura. Likita ya ce lakar bayana ce ta kumbura.

Ya ɗora ni kan wata farar ƙwaya, firedinisolon. Ya ce, "Malam Garba, za ka yi ci, za ka yi kumatu. Kada ka yanke ta lokaci ɗaya. Kaɗan-kaɗan za mu rage."

Na dawo gida da sanda, fuska kamar ƙwarya. Yayana Tanko ya dube ni ya ce, "Kai, Garba! Ai wannan maganin kiwo ne."

Har dariya na yi.

Sai ƙwayoyi suka fara ɓata. Yau biyu, gobe uku. Sau shida na rubuta a littafina, "Wataƙila ni ne ban ƙirga daidai ba." Ni, malamin gona na hukumar En'e, mai auna taki!

Ƙwayoyin suka ƙare saura kwana goma in koma asibiti. Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Kwana na uku amai da jiri, na zube a bakin rijiya. Ƙafafun suka sake mutuwa.

Matata Hajara ce ta gano Yaya na murƙushe su a dusar sansa na huɗa.

Ya ce mata, "Garba ai ya cika. San nan kuwa ƙashi ne zalla, ga damina ta matso."

Ƙafafuna fa, Yaya. Uwa ɗaya, uba ɗaya.

Na ƙara wata biyu a gado. Yanzu ina tafiya, amma ta hagu ja nake.

Na gode wa Allah, da Hajara, da likitan da bai zage ni ba. Wanda aka ba irin wannan magani, kumatu ba warkewa ba ne. Kada ya yanke. Ya kulle shi, kuma ya yarda da ƙirgarsa.

Na gobe:

Ƙirga ƙwayoyi.

Taka zuwa masallaci ba sanda.

Dammunan geron da Yaya ya aiko, noman san nan. Kwana tara suna zaure. Ban ce a shigo da su ba.