Shekarar da Na Bi Masu Ƙwarya

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na rasa yadda zan yi da la'asar ɗina. Wasu in sun yi ritaya kiwon kaji suke kamawa, ni kuwa ba ma shiri da kaji. Islamiyya da safe nake zuwa. Da an yi sallar azahar sai in zauna ina kallon bangon gidanmu na Gwammaja, shi ma yana kallona.

A wani yinin biki a Dukawuya na fara ganin Hajiya mai amada. An kafa lasifika a tsakar gida, 'yan mata na ta rawa, mu manya muna gaisawa da hannu don ba mai jin maganar wata. Sai kakar amarya ta kafe a kan sai an kashe na'urar nan an ba masu ƙwarya fili. Aka kashe ana zumɓura baki. Wata tsohuwa doguwa mai jan haƙora ta shimfiɗa tabarma, 'yan amshinta uku suka zauna a gefenta, aka kife ƙore a ƙasa, babbar kuma aka kife ta a kan ruwa cikin daro. Rabona da jin kiɗan nan tun ina yarinya, na ɗauka ma ya mutu.

Abin da ya ja ni shi ne hannunta. Kafin ta fara, sai ta ɗan ɗaga gefen babbar ƙwaryar, iska ta fita, ta buga, ta saurara, ta sake ɗagawa. Da aka tashi na bi ta har zaure.

"Hajiya, don Allah me ya sa kike ɗaga gefen nan?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malamar makaranta ce ke ko?"

Na ce e.

"Na ga alama. Kiɗa kika zo ji, ko jarrabawa kika zo yi min?"

Duk da haka ta gaya min. In iska ta yi yawa a ciki, muryar ƙwarya takan yi fayau. In ta yi kaɗan, sai ta shaƙe. A tsakanin nan ake samun wadda za ta daki ƙirjin mace har ta ajiye kwanon abincinta ta miƙe.

Daga ranar na zama 'yar gayyar soɗi. Duk inda aka kira Hajiya, ina biye da ita da jakar makaɗai a hannu. Na ci shinkafar bikin mutanen da ban san ko sunansu ba, ban kuma ji kunya ba, matambayi ai ba ya ɓata. Na tambayi dalilin da ya sa take sa zobba a yatsu uku ta bar sauran. Na tambayi yadda 'yan amshi suke gane ta kusa sauya waƙa alhali ba ta dube su ba, ashe da kafaɗa take gaya musu. Wata rana ta ce in na ƙara tambaya ɗaya za ta kife ni a daron nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin da take yi kafin kowa ya ji sautin ƙwarya. Da ta isa gida sai ta wuce ɗakin uwar biki ta zauna. Ta tambayi sana'ar gidan ubanta, unguwar da aka haife ta, 'ya'yanta nawa, wa ya yi aure, wa yake karatu, da wadda suke 'yar tsama don a ɗan sakar mata habaici. Ta ce min, "Waƙa ɗinki ce, Malama, sai an auna mai ita." In ta fito ta fara, sai ka ga matar da ta yini tana faɗa da masu girki ta zauna ta yi laushi, ana lissafo mata 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, 'yan amshi na karɓa.

Amma kiran yana ta raguwa. Sai a yi wata ba a neme ta ba. Ɗaya daga cikin 'yan amshin ta koma suyar awara, ta ce ita kam kasko ba ya jiran a gayyace shi. Wata yamma muna zaune a ɗakin Hajiya, ta nuna min ƙoren da ke jere a kan randa, ta ce in Babbar Salla ta wuce a haka, za ta ba maƙwabciyarta mai fura su, ko ba komai a dama a sha. Ba da kuka ta faɗa ba, goro take ci. Ni ce abin ya tsaya wa a rai, don ban gama tambayoyina ba.

Sai na shiga talla. Duk gidan da na ji za a yi biki, in je in roƙi uwar amarya ta ba ƙwarya ko da tsakanin la'asar da sakaliya ne. Wasu suka yarda don nauyina, wasu suka ce yaran yanzu ba za su tsaya ba. Da na ga abin ba ya tafiya, na ce bari a yi wa Hajiya taro nata na kanta. Na roƙi harabar makarantar 'yan mata da na koyar, ranar Asabar. Na buga fasta mai hoton ƙwarya, an rubuta mata zalla, shiga kyauta. Na sa aka liƙa a lungunan Gwammaja da Madabo da Dukawuya, na tura ta waya ga duk wadda na sani. Na yi hayar kujerun roba har sai da mai su ya tambaye ni ko siyasa na shiga.

Ranar ta zo, kujerun suka sha rana su kaɗai. Wasu 'yan mata 'yan jami'a ne suka zo, suka zauna a gaba da ladabi, kowacce ta ɗaga waya tana ɗauka. Hajiya ta buga, ta yi tsofaffin waƙoƙi biyu kamar mai biya hadda, yaran suka tafa. Ta dube su, ta dube ni, ta ajiye makaɗi.

"Malama, wa zan yi wa?"

Na fusata ƙwarai, da matan birni gaba ɗayansu. Washegari na tafi Madabo gidan yayata, ko mayafi ban cire ba na fara. Na ce ta ga fastar ko ba ta gani ba.

"Na gani, har a jikin gidanmu an liƙa."

"To me ya hana ki zuwa, Yaya?"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Bikin wa ake yi? In na zo wa zan gaisar, wa zan miƙa wa gudummawa? In ce da mai gidan nan zan je ina, bango ya gayyace ni? Ke da kika girma a cikin birni, yaushe kika ga mace ta yi kwalliya ta tafi inda ba mai cewa sannu da zuwa?"

Ni kaina ban taɓa zuwa taron da ba a aiko min da goro ko alawa ba.

Da na kai wa Hajiya wannan magana, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ma don kada ta karya min gwiwa ne ta je. "Kiɗa sai da uwar biki. In kina son a cika gida, ki buɗe naki, ki zauna a kujerar."

A nan gizo ke saƙar. Allah bai ba ni haihuwa ba. Na tsaya a bikin 'ya'yan 'yan'uwa da na ƙawaye, na raba abinci, na kai amare, amma kullum a tsaye, ban taɓa zama a wannan kujera ba. Mutane kuma sun iya kiyaye ni. In ana hirar 'ya'ya na shigo, sai a koma zancen tsadar atamfa. Ga shi na shafe shekara ina jin yadda Hajiya ke wasa uwar biki, na san inda waƙar take bi, na san akwai gaɓar da ake kiran 'ya'ya. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Na kwana biyu ina juya abin, ga Salla tana matsowa, ga mai fura tana jira. Na gaya wa Malam, mai gidana, zan buɗe gidan. Ya ce in dai mata ne zalla kuma za a tashi kafin magariba, shi zai yini a kasuwa.

Da ƙafa muka yi gayyar, ni da Yaya, gida gida, da goro da alawa a leda. Ban ji wadda ta tsananta tambayar bikin me ake yi ba. Wata tsohuwar ƙawata ta riƙe hannuna ta ce, "Ai mun daɗe da nauyinki a kanmu, Allah ya kai mu." Na jira Hajiya ta zo ɗakina ta auna ni kamar yadda take yi wa kowa, ba ta zo ba. Da na yi mata magana ta ce shekara guda ina bin ta da surutu, awo ya ƙare tuni.

Ranar, tun kafin la'asar tsakar gidan ya cika, har zaure, har kan matakalar bene. Ga kwanukan waina da alkaki, ga sabulai, ga turmin atamfa. Yaya ta fitar da anko ban sani ba. An sa min lalle tun daren jiya, aka zaunar da ni a tsakiya, aka hana ni ko ɗauko wa baƙuwa ruwa. Mai awara ma ta rufe kaskonta ta zo amshi.

Hajiya ta fara da ubana mai turare a kasuwar Kurmi, ta bi ta kan uwata, ta zo kan allo da alli. Mata na ta tasowa suna liƙi. Ina jin waƙar tana matsowa inda nake tsoro, na sunkuyar da kai ina kallon lallen hannuna. Na ɗauka za ta tsallake, yadda kowa yake tsallakewa. Sai ta rage kiɗan, ta ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji:

"Mai bayarwa bai ba ta goyo ba,
Ya ba ta gida, ya cika shi da mata."

'Yan amshi suka karɓa, suka sake karɓa. Ba a taɓa faɗin wannan magana a gabana ba, sai ga shi ana rera ta a tsakar gidana. Na jira in ji zafi, sai na ji kamar an sauke min tulu daga ka. Yaya ta rangaɗa guɗa tana hawaye, gidan ya ɗauka. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na taka rawa a gaban ƙwarya da ƙafafun nan masu sanyin ƙashi, Hajiya na dukan babbar har ruwa na fallatsa wa na kusa.

Da aka watse na ga mata biyu sun tsare ta a zaure, ɗaya za ta aurar da 'ya bayan Salla, ɗaya suna. Hajiya na amsa su da ƙyar, kamar wadda aiki ya yi wa yawa. Da suka tafi ta ɗago babbar ƙwaryar ta nuna min, ta tsage tun daga baki har gindi.

"Kin ga abin da rawarki ta jawo min. Gobe ki shiga Kurmi ki zaɓo min wata, ki ƙwanƙwasa kafin ki saya, kada a ba ki mai mura."

Da safe na shiga layin masu ƙore. Ina cikin ƙwanƙwasawa mai rumfar ya ga lallen hannuna, ya ce, "Hajiya, an sha biki ke nan. Allah ya sanya alheri."

Na ce amin, na sa ya ɗaure min guda biyu.