Kwat ɗin da Goggo Talatu Ba Ta Yanka Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Goggo Talatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekara talatin tana wa matan unguwar Utaibiyya a Makka ɗinki. Hajji ta zo daga Gusau ta zauna. Da yake ba ta da takardar zama, ba ta ƙara fita daga Makka ba, saboda haka zafi kawai ta sani, kuma duk gwanintarta a kan rigar da iska za ta ratsa take.

Sai yayana Sani ya samu aikin tuƙi a Tabuka, can arewacin Saudiyya, ya bugo waya yana cewa ruwa na daskarewa a bokiti. Kai, ranar nan Goggo ba ta bar shi ya huta ba. Ta ina sanyin yake shiga, ta wuya ko ta ƙafa? Cizo yake ko nauyi? Daga ƙarshe ta ce ita za ta ɗinka masa kwat, ɗan ɗan'uwanta ba zai sa kayan gwanjo ba.

Ni na raka ta wajen masu yadi, muka dawo da ƙyalle uku: ulu mai kauri, karan-miski, da wani mai gashi kamar bargo. To, ina za a gwada su a garin nan? Gidan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙarar zoɓo ta nufa. Ta naɗe hannu da kowane ƙyalle, ta cusa a firiza tana jan carbi, wanda ya kai ta tasbihi ɗari shi ne gwani. Ulu ya ci. Ta yi masa shafi da auduga, ta yanka shi yadda ta saba, burmeme, hannuwa kamar na babbar riga.

Bayan mako biyu Yaya Sani ya kira: “Goggo, yadi dai ba laifi, amma iska ta ƙasa take shiga ta fita ta wuya.”

Na zaci za ta ji haushi. Ina! Dariya ta yi har da hawaye, ta ce, “Ashe wannan rigar tsare iska ake so ta yi!” Ta sayo wani ulun, ta zana sabon fasali a kan jarida, matsattsen wuya, siraran hannuwa. Ba ta kai ga yanka ba ciwo ya kwantar da ita.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau, da ake kallon dusar ƙanƙara a waya, ana kuma koyon ɗinkin kwat a bidiyo. Na san ba za ta raina ba. Sai dai mai bidiyon ya gode wa Allah da ba ya jin tambayoyinta.

Wata mai zuwa 'yata Rumaisa za ta tafi karatu Turkiyya, inda za ta buƙaci kwat. Ta ce, “Ya Ummi, kalas, magana ta ƙare, mu saya kawai.” Ni kuwa ulun nan yana akwatina, kuma gaskiya tsoronsa nake ji. Shi kaɗai ya rage mini na Goggo, in na ɓata shi ba ni da wani. Sau uku ina shimfiɗa shi ina naɗewa.

Shekaranjiya na kira Yaya Sani na tsare shi da tambaya: aljihu a ciki ko a waje, maɓalli ko zif? Ya ce muryar wa yake ji haka, kamar ta Goggo. Sai na gane ba yadi ne gadona ba, wannan naci ne na son sanin abin da ban taɓa gani ba. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta.

Jiya da hantsi na auna Rumaisa, na yi bisimilla na sa almakashi. Layin ya ɗan karkace. Yarinyar da ta ce mu saya ce ta durƙusa ta danne mini gefen yadin, ta ce, “Ci gaba, Ummi, na riƙe.”