Malam Jaji da Giɓin Ganuwa

Malam Jaji bai taɓa cin gardama da mace ba. Wadda ta fi ba shi kashi ita ce Barira maƙwabciyar gonarsa. Wata shekara ya je yankan gamba don zana, ya haɗa har da saiwa ya tumɓuke, alhali gambar nan ita ce iyakar gonakinsu. Da damina ta sauka Barira ta matso da kunya uku cikin tasa.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin shigo mini gona."

Ta ce, "Malam, ba kai kake koya wa yara cewa ƙasar da ba ta da iyaka ba ƙasa ba ce? To nuna mini taka."

Ya duba gabas, ya duba yamma, ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Ni dai na yi dariya har da ƙwalla.

Kakansa ne ya zo daga Barno ya zauna a garinmu, arewa da Ɗanbatta. Shekara talatin Malam yana karantar da samari a zaurensa bayan sun taso daga gona. In an gama fiƙihu sai ya share ƙasa ya zana da'ira da sanda, ya ce mulki ba ya tsayuwa sai da ƙasa mai iyaka, da jama'a a cikinta, da mai riƙe ta wanda ba ya jiran umarnin kowa. Ya ce ko Kano ma tana kai gaisuwa Sakkwato, balle mu. Daga nan sai abin da talaka yake bin sarki: ya raba rigima da adalci, ya gyara rijiya da kasuwa, ya tsare gari daga mahara. Rabin samarin gyangyaɗi suke yi. Shi ma ya gaji, amma bai bari ba.

Shekarar da ruwa ya zubar da ganuwarmu ta arewa, ya bar giɓin da raƙumi zai wuce da kayansa, balle mahara, al'ada ita ce da rani dagaci ya kira gayya kowace unguwa ta ɗaga nata ɓangaren. Dagaci Tasi'u ya kira gayya kam, amma ta ginin sabon soronsa. Samarin Malam suna kwaɓa ƙasa suna tambayar juna ko soro yana cikin karatun jiya. Magana ta kai kunnen mai gari.

Aka kira Malam gaban dattawa. Tasi'u ya ce, "Wa ya sa ka koya wa 'ya'yan talakawa aikin sarauta? Ko ka daina, ko ka bar mini gida da gona ka koma inda kakanka ya fito."

Malam tsoho ne lokacin, gwiwa ta ƙi, ba shi da kowa a Barno. Mun ɗauka zai ba da haƙuri. Amma a gidan nan ya mutu bayan shekara tara, yana karatunsa, kuma da ranin shekarar da aka kira shi aka ɗaga ganuwar, duk saboda amsar da ya bayar yana laluben takalminsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, zan tashi. Sai dai gidana ne a bakin giɓin. In na tafi, naka ne na farko."