Ƙwan Kifin da Ba a Soyawa

Uwarmu mai suyar kifi ce a Madarunfa, kuma ni ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Masunta su kawo tarwaɗa da karfasa daga tabki, ita ta feɗe, mu mu wanke. In aka dace da mai ƙwai, sai ta ware ƙwan gefe, ta barbaɗa masa gishiri da yaji, ta jefa a mai bayan an gama na sayarwa. Wannan ba ya zuwa kasuwa, namu ne ni da Yaya. Mu biyu kaɗai ta haifa, kuma Yaya ta girme ni da nisa, ita ce ma ta goye ni. Saboda haka a sanina abu ɗaya ake yi da ƙwan kifi a duniya, soya shi ake yi.

Yaya ta yi boko mai zurfi, ta auri Alhaji, wanda ya samu aiki a wata babbar ƙungiya ta ƙasashen duniya a Paris. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da mai binciken ƙasar noma, mutumin da zai wuni yana leƙen turɓaya a gilashi ya dawo yana murna. A farkon shekarun 1990 aka turo shi ƙaro karatu a Lyon, muka samu ɗaki a wani dogon bene a Vaulx-en-Velin, inda asansar, na'urar da ke hawa da mutane sama, ke aiki ranar da ta ga dama. Da zan taso daga gida kowa cewa yake na huta, tunda ga 'yar'uwata can. Ni ma haka na zata. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: Yaya ta shigo gidana ta ci abincina, ta kuma kira ni ƙanwarta a inda mutane ke ji.

Sanyin farko da na yi a ƙasar, ta bugo tarho ta ce in zo Paris, suna da baƙi a cin abincin rana na sabuwar shekara. Na hau jirgin ƙasa bakina har kunne. Ina isa ta rungume ni, ta ja ni ɗakin girki, ta fito da wasu 'yan kwalabe daga firigo, wato firiji, ta dire a gabana.

"Shirya mini wannan, ina zuwa," ta ce, ta tafi sa kaya.

Na buɗe ɗaya. 'Yan ƙwayoyi ne ja-ja masu ƙyalli kamar murjani, ga ƙarnin kifi yana tashi. Nan take na gane ƙwan kifi ne, sai dai ban taɓa ganin manya haka ba. Zuciyata ta yi fari. Na ce ashe duk Turancin nan Yaya ba ta manta gida ba. Na yanka albasa, na ɗora mai, na jira ya yi zafi sosai yadda uwarmu ke yi, na juye kwalaben duka a ciki.

Abin ya dinga fashewa kamar gugguru, mai yana tsalle yana cin hannuna. Kafin in ankara jan nan ya dushe, ƙwan ya yi fari-fari ya taurare kamar roba, hayaƙi ya cika ɗakin. Sai ga Yaya a ƙofa cikin leshi. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe taga, ta yi mini magana da Faransanci, abin da ba ta taɓa yi ba, a hankali kamar tana magana da kurma. Sannan ta juya harshe.

"Ke har yanzu kina bakin tabki."

Ta ce kayana sun ɗauki ƙauri, gara in zauna nan har baƙi su tafi. Na zauna ni da kaskon, ina jin dariyarsu ta bayan ƙofa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ba da kaina nake fushi ba. Wa ya gaya mini ɗanye ake cin sa? Cewa ta yi in shirya, kuma a gidan da muka tashi, ni da ita, in an ce a shirya kifi wuta ake nufi.

Da na koma Lyon na ba maigidana labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da ya ga fuskata ya haɗiye sauran. Ya ce in manta, abincin Nasara ne, mu ina ruwanmu. Na ce shi dai ina ruwansa. Ni na sa a raina sai na iya wannan abu, har Yaya ta ci shi a gidana ta san bakin tabki ba hauka ba ne.

Akwai wata rufaffiyar kasuwa a tsakiyar Lyon, sai na hau bis na hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin in isa. Can na samu wata tsohuwa mai sayar da kifi, jajayen hannuwa, baki ba ya hutawa. Da guntun Faransancina na tambaye ta, ta ce ƙwan wani kifi ne da suke kira somo, an riga an sa masa gishiri, tsakaninsa da wuta sai kallo. Ta ɗaga kwalba wajen haske ta nuna mini yadda ake zaɓe: kowace ƙwaya ta tsaya da kanta tana sheƙi, kada a ga sun manne, kada a ga gurɓataccen ruwa ya kwanta a gindi. Ta ce in tura shi can ƙuryar firigo inda sanyi ya fi, ban da jikin ƙofa da ake buɗewa kullum. In kuwa na fasa murfi, to in cinye cikin 'yan kwanaki, ba ya jiran kowa. Har cokali sai da ta yi mini doka, wai na katako ko na roba ya fi.

Ranar da na fara sa shi a baki saura kaɗan in tofar. Ɗanyen abu, sanyi ƙalau, ga ƙarni. Na daure na danna ƙwaya ɗaya da harshe a ganɗa, ta fashe tus, wani ruwa mai gishiri da maiƙo ya bazu a bakina. Na sake ɗaukar wata don in tabbatar ba na so. Kafin la'asar na ga gindin kwalbar.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje. Na ci a kan burodi da man shanu da ɗigon lemun tsami, yadda tsohuwar ta ce. Na ci a kan farar shinkafa mai ɗumi. Wata rana ta nuna mini wasu 'yan faya-fayan gurasa da masu kuɗi ke ɗora shi a kai, na juya su gaba da baya, na ce ai wannan masa ce da ba ta ji tsami ba. Na zo gida na sauko da tandar da na taho da ita daga Maraɗi, na jiƙa shinkafa, na kwaɓa ƙullu ba sukari, na soya ƙanana. Na bari suka ɗan huce, na ɗora kindirmo mai kauri, na zuba ƙwan a sama. Wallahi ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba a ƙasar Faransa. Maigidana ya leƙo ya ce carbin wa ya tsinke a kan masa. Sai da ya je masallaci ya tambayo malam ko ya halatta a ci ɗanye, aka ce masa ya halatta, amma duk da haka bai ci ba.

Na buga wa Yaya na ce ta zo Lyon. Ta ce tana nan tafe. Tun daga ranar ba a rasa kwalba ɗaya a ƙuryar firigona, wadda ban yarda kowa ya taɓa ba, ta Yaya ce. Nakan ɗauko ta in duba ranar da aka rubuta a murfi, in mayar. In ranar ta matso Yaya ba ta zo ba, sai in zauna ni kaɗai bayan maigidana ya fita, in buɗe in cinye ina zaginta a zuci, washegari in tsallaka gari in sayo wata. Lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara ko'ina akwai shi, amma da zafi sai an yi yawo. Na ci ƙwan kifin Yaya da yawa a shekarun nan. Maigidana ya ce zumunta a ƙafa take, ni na mayar da ita firigo. Na ce ya kula da turɓayarsa.

Sai ga shi wata rana ta zo. Alhaji yana da taro a Lyon, ta biyo shi. Asansar ma ta yi mini mutunci ta yi aiki. Yaya ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a kan tabarma, ta miƙe ƙafa. Na kawo 'yan masar da na soya bayan sun ɗan huce, na buɗe kwalbar a gabanta, na zuba da cokalin katako. Ta ɗauki ɗaya ta ci, ta lumshe ido, ta ɗauki ta biyu.

"Kai, wagga ɗiya! Wa ya koya miki haɗa masa da ƙwan kihi?"

Kihi ta ce, irin na gida. Rabon da in ji wannan kalma a bakinta tun ina budurwa. Muka wuni muna hira, muka tuna masuntan da ke yi wa uwarmu wayo, muka yi dariya har da hawaye. Duk fushin da na tara ya narke, na ce a raina naka sai naka. Da za ta tafi ta riƙe hannuna.

"Wata mai zuwa matan manyan su Alhaji za su zo gidana. Ki taho, ki zo da tandarki."

Na ce to, Yaya. Ni a ganina gayyata ce. Na kai shadda wajen wani tela ɗan Senegal ya yi mini ɗinki, na sa lalle, na je wajen tsohuwa na zaɓo kwalabe mafi kyau da kaina. Na naɗe su cikin jarida da ƙanƙara a jaka, na rungume jakar a cinya tun daga Lyon har Paris don kada zafin jirgi ya taɓa su.

Da safe na soya masar duka. Baƙi sun kusa isowa na shiga na yi wanka na sa shaddata. Ina fitowa Yaya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ɗinkin ya yi kyau, sannan ta miƙo mini farin tabliye, irin zanen da masu aiki ke ɗaurawa a gaba.

"Ɗaura, kada mai ya ɓata miki kaya. Yarinyar da ke mini aiki ta tafi, sai ki riƙa zagayawa da faranti."

Na ɗaura. Ƙanwa ba ta musu da yayarta a gidan yayarta, haka aka rene mu. Na ce wa kaina taimako ne, in na gama zagaye ɗaya za ta jawo ni ta ce ga ƙanwata, ita ta yi wannan.

Masar ta tafi da hankalinsu. Matan nan da zobba a kowane yatsa suna ɗauka bibbiyu, suna tambayar Yaya ina ta samo dabarar, tana murmushi tana cewa abincin ƙasarmu ne. Ina tsaye a bayanta da faranti sai wata dattijuwar Bafaransa ta dube ni, ta dubi Yaya, ta sake dubana. Zuwa lokacin ina jin Faransanci sarai. Ta ce mu biyun wushirya ɗaya gare mu, goshi ɗaya, ko 'yan'uwa ne?

Na kasa kunne in ji amsar. Yaya ta yi 'yar dariya ta taɓa hannun matar.

"A'a, 'yar garinmu ce, tana kama mini aiki. Mu can duk kama muke yi."

Ba ta ko waiwayo ba ta ce mini da Hausa in kawo sauran. Na koma ɗakin girki na jera sauran masar, na zuba ƙwan a kan kowace ɗaya daidai wa daida, na kawo. Ban yi kuka ba, ban fasa faranti ba, ko da yake na so. Baƙin ciki ne kawai ya rufe ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da uwarmu ta rasu, don ita mutuwa ba ta zaɓa.

Da baƙi suka watse na wanke tandata, na naɗe ta a zane, na ninke tabliyen na ajiye a kan tebur. Yaya ta rako ni bakin ƙofa fuskarta cike da fara'a, ta dafa kafaɗata.

"Yau kin fid da ni kunya."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Tun da na buɗe baki na fara magana a duniya ban taɓa kiranta da wannan ba. Na tsaya da jaka a hannu ina jira ta ce wace ce Hajiya, ta harare ni, ko ta kai mini duka kamar da. Ta ce in gaida maigida, in kula da matakala.